Uku Zuwa Shida

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a Gyallesu,
ban taɓa yarda yaro ya ba ni amsa biyu ba.
Sai ga Dakta Barau a Shika, ya gyara tabarau,
ya ce, "Malama Kubura, wata uku zuwa shida."
Na ce, uku ne ko shida?
Ya ce, "Fatarki za ta faɗa, ba ni ba."

Bara suka yanke na hagu, daji ya ci shi.
Na yi kukana, na gama, na share.
Da aka ce akwai na roba da ke zama a gurbinsa,
na sayar da ɗan filina na Ɗan Magaji,
ban yi shawara da kowa ba sai madubi.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina da biyu.

Na sha biyu wurin ya yi ja kamar garwashi,
sanyi na kaɗa ni da tsakar rana,
ɗinki ya buɗe baki yana tsiyaya.
Sista Rifkatu ta taɓa da bayan hannu,
ta dubi agogo, ba ta dube ni ba.
Allura, ƙarin ruwa, allura.
Suka ce ƙwayoyin cuta sun kama haya a jikin robar,
lungun da magani ba ya shiga.
Suka cire.
Na farka da ƙirji kamar allon da aka goge
kafin ɗalibai su gama kwafa.

Babana magini ne a bayan Ƙofar Doka.
In ya ɗora sahun tubali, sai ya wanke hannu ya tafi gida,
mai aiki na ta kumfar baki a kan ranar tarewa.
Shi dai ya ce, ɗanyen gini ba ya ɗaukar kaya.
Ina yarinya na ɗauka lalaci ne.
Baba, ka yafe mini.
Yau ni ce katangar, ni ce kuma mai kumfar bakin.

Kullum da asuba ina cusa auduga a tsohuwar safa,
in daidaita ta a rigar mama, in ja mayafi.
In na miƙa hannu saman allo sai ta zame.
Ran nan Tasalla, 'yar layin gaba, ta gani.
Ta tashi ta karɓi alli,
ta ce, "Malama, kawo in rubuta na saman."
Har yau ita ke rubuta na saman.

Wata na uku na hau keke, ramukan Kwangila na jijjiga ni,
hannuna dafe da inda babu kome.
Jini ya fito fes, in ji takarda.
Amma ya danna tabon da yatsu biyu,
ya ce da saura, ƙasan na da tauri,
in an yi gaggawa a koma gidan jiya.
Na huɗu ma haka. Masara ta yi goyo a hanyar Shika,
ta bushe, an karye ta, ni ina nan.

Maigidana ya ce, "Ki bar shi haka mana, ai kina da rai."
Gaskiya ya faɗa. Amma ba shi ke cusa safa ba.
Wani daren kuma, in na shafa wurin na ji ya fara laushi,
sai in rasa me nake ji,
murna ce ko tsoron wuƙa ta uku.

Yau wata biyar da kwana takwas.
Ina duba jarrabawa, wani yaro, Haladu,
ya kasa samo amsa, sai ya rubuta a ƙasa:
tana tsakanin nan da nan.
Na daɗe riƙe da jan biro.
Shayina ya huce.
Na ba shi rabin maki.